Kallo ba ya koya rawa: Yaran Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu na buƙatar dandali

Duk wanda ya ratsa unguwar Hausawa a Inugu ko Anaca ko Fatakwal bayan sallar isha'i zai iske yara uku ko huɗu a bakin shago ko a ƙofar gida, sun haɗa kai sun zuba wa waya ɗaya ido. A cikin wayar fim ɗin Kano ne, ko sabuwar waƙar wani mawaƙin Arewa. A tsallaken titi kuwa lasifikar mai shago tana ta zuba kiɗan Ibo ko waƙar Turancin Buroka. Kunnen dama yana Kano, na hagu yana garin da aka yanke musu cibiya. Kiɗa bai yi wa waɗannan yara ƙaranci ba, wasan kwaikwayo ma haka. Hasali ma sun fi iyayensu da kakanninsu samun abin ji da abin kallo nesa ba kusa ba. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne fagen da yaro zai miƙe da ƙafafunsa ya rera, ya kwaikwaya, a saurare shi, a yi masa dariya, a gyara masa, gobe ya sake fitowa. Wannan rashi ba ya jan hankali kamar rashin kuɗin makaranta ko na magani, amma yana cin tarbiyya a hankali, kamar yadda gara ke cin azara.

Yadda zangon ya kafu

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Tun kafin a shimfiɗa titin mota, fatake daga Arewa suna gangarowa ta Kogin Kwara zuwa kasuwar bakin ruwa ta Anaca, har yau kuma akwai tituna a garin masu ɗauke da sunayen Bida da Sakkwato. Bayan da aka gano kwal a yankin Udi a 1909, Turawan mulki suka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal domin fitar da shi, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916, daga baya aka miƙa shi Arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Jirgin ƙasa ya kwaso shanu da awaki da wake da albasa, ya kuma kwaso masu su. Da yawa suka yi aure, suka haihu, suka gina masallatai, aka naɗa musu sarakunan Hausawa. Ibo suna kiran irin waɗannan unguwanni Ama Hausa. Zaman ya yi daɗin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato kuma ɗan jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka tarwatsa wannan zama. Bayan yaƙi aka dawo aka sake ɗaura ɗamara, amma fargaba ba ta gushe gaba ɗaya ba. A watan Fabrairun 2006 an yi tarzomar ramuwar gayya a Anaca bayan kashe-kashen Maiduguri, 'yan Arewa da yawa suka tsallaka gada zuwa Asaba domin tsira da rai. A Oktoban 2020 an ga tashin hankali a Oyigbo da ke gefen Fatakwal. Tun daga Agustan 2021 kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin ta cinye wa yaran Anambara da Inugu ranakun makaranta masu yawa, ba tare da ta tambayi ƙabilar kowa ba.

A cikin wannan tarihi ne yaron Titin Owerri a Inugu, ko na Garki, ko na Diobu a Fatakwal yake tasowa. Wataƙila kakansa ma a nan aka haife shi. Yana jin Hausa a gida, Larabci a Islamiyya, Turanci a aji, Buroka a kasuwa, wani lokaci Ibo ko Ikwerre a filin ƙwallo. Idan ya fita titi sunansa "aboki", kalmar da asalinta zumunci ne amma a bakin wasu ta koma raini. Idan aka kai shi Katsina ko Sakkwato hutun Sallah, 'yan uwansa su yi dariyar Hausarsa su ce ɗan Kudu ne. Yaron da ake tambayarsa ko shi wane ne a wurare biyu yana buƙatar wurin da zai gwada amsa da bakinsa.

Makarantar da ba ta da allo

A ƙasar Hausa wannan wuri shi ne dandali, kuma ba don nishaɗi kawai aka yi shi ba. Hausawa sun ce wasa farin girki. Yarinyar da take dafa ƙasa a gwangwani tana koyon tukunya ne, haka ma wadda take gaɗa tana koyon zama da mutane. A wasan gaɗa 'yammata kan yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, sannan mai bayarwa ta juya ta saki jikinta ta faɗo ta baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Cikin wannan ɗan wasa akwai darussa da malamin aji zai sha wuya kafin ya koyar: yarinya ta saba ɗaga murya gaban jama'a, ta haddace baituka masu tsawo, ta jira layinta, ta yarda cewa idan ta faɗo za a tare ta, ta kuma san cewa gobe ita ce za ta tare wata.

Tatsuniya ma makaranta ce. Kaka ba ta karanta labarin Gizo da Ƙoƙi da murya ɗaya. Tana sauya harshe, tana tsamin baki irin na Gizo, tana rera 'yar waƙar da ke tsakiyar labari yara suna amsawa. Ranar da aka ce wa yaro yau shi zai bayar, ranar ce ya fara koyon tsara magana daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya ɓace a tsakiya ba. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya gane darajar wannan taska, shi ya sa ya tattara ta a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta.

Sai kuma tashe, wanda shi ne babban fagen wasan kwaikwayon yaran Hausawa. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara kan kasu rukuni-rukuni suna bin gidaje. Su ne masu tsara wasa, su ne masu haɗa kayan shiga: gemun auduga, rawanin tsumma, gangar gwangwani. A wasan Jatau Mai Magani suna kwaikwayon mai tallar magani da ke warkar da kowace cuta; a Mairama da Daudu 'yammata suna nuna zaman aure da ladubbansa; a Kano kuma Nalako da jama'arsa suna zolayar gwauraye. Tashe ya ba yaro lasisin da ba ya samu a sauran watanni goma sha ɗaya, wato ya nuna wa manya halinsu a gabansu, su yi dariya, su ba shi tukwici. A ƙarshe a zauna a raba abin da aka tara na hatsi da kuɗi, kuma rabon kansa darasi ne na amana da adalci.

Abin da ya haɗa waɗannan wasanni shi ne yaro ne mai yi. Wanda ya sa gemu ya zama tsoho na minti biyar ya ɗanɗani yadda tsoho ke ji idan yara sun raina shi. Wanda ya manta baiti a tsakiyar tsakar gida, aka yi masa dariya bai mutu ba, ya rage tsoron tsayawa gaban shugaban makaranta ko ɗan sanda ko mai ɗaukar aiki. Wanda ya yi amshi ya koyi cewa waƙa ba ta tashi sai da waɗanda ba a jin sunansu. Kunya da ladabi, waɗanda Bahaushe ke alfahari da su, a nan suke samun abokin tafiya, wato ƙarfin hali. In babu shi, kunya kan rikiɗe ta zama noƙewa.

Abin da waya ta iya da abin da ta kasa

Dandali yana son fili, da farin wata, da kwanciyar hankali, da tsofaffin da suka san waƙoƙin. A gidan haya mai ɗaki-ɗaki a Fatakwal, inda iyali goma masu harsuna biyar ke tarayya a tsakar gida ɗaya, babu filin. A garin da iyaye ke ƙirga 'ya'yansu da zarar magariba ta yi, babu kwanciyar hankalin. Kakanni da yawa kuma suna can Arewa. Waya ce ta cike gurbin.

Adalci ne a faɗi alherinta. Tun daga fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, zuwa kafuwar tashar Arewa24 a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, masana'antar Kannywood ta riƙe Hausa a kunnen miliyoyin yaran da ke zaune nesa da gida, daga Kumasi har Fatakwal. Yaron Anaca da bai taɓa ganin hawan Sallah ba ya san kakaki da algaita ta waya. Ta nan yake jin karin magana da salon gaisuwa da ba ya ji a titi. Wannan ba ƙaramar hidima ba ce.

Sai dai kallo ba ya koya rawa. Mai kallo ba ya haddace komai domin gobe, ba ya jiran layinsa, ba wanda ya dogara da shi. Idan abu ya gundure shi, ɗan yatsa ya isa ya kawar da shi. Ko yaran da ke ɗaukar kansu suna sakawa a TikTok, yawanci bakinsu kawai ke motsi a kan muryar wani, kuma alƙalansu baƙi ne da ba su san su ba, ba su kuma damu da tarbiyyarsu ba. A dandali, wadda za ta ce wa yarinya ta yi kuskure yayarta ce ko gwaggonta, kuma ita ce za ta raka ta gida.

Akwai kuma gibi na biyu. Rayuwar da ke cikin fim ɗin Kano rayuwar Kano ce. Ba a cika ganin yaron da ke taya mahaifinsa sauke buhunan albasa a bakin gadar Anaca ba, ko yarinyar da ita kaɗai ce mai hijabi a ajinsu a Inugu, ko matashin da babban amininsa Kirista ne ɗan Okrika. Idan yaro ya daɗe yana kallon duniyar da babu irinsa a ciki, yakan fara zaton cewa rayuwarsa ba ta kai a ba da labarinta ba, Hausarsa ma gurɓatacciya ce.

Maƙwabta ba su yi wasa da wasa ba

Abin ya fi fitowa fili idan aka dubi garuruwan da yaran ke zaune, domin suna cikin wuraren da suka fi ko'ina a Najeriya girmama kiɗa da wasa. A Fatakwal Rex Lawson ya yi tashe da kiɗan hailaif kafin rasuwarsa a 1971, daga nan kuma Burna Boy ya fito har ya ci lambar Grammy a 2021. Osita Osadebe ɗan Atani ne, kusa da Anaca. A Inugu Mike Ejeagha ya shafe rayuwarsa yana mayar da tatsuniyoyin Ibo waƙa, har wata tsohuwar waƙarsa ta 1983 ta sake karaɗe intanet a 2024, jikokin masu sauraronsa na farko suna rawarta. Titin Iweka na Anaca ya yi shekaru yana cikin manyan cibiyoyin rarraba finafinan Nollywood. Jami'ar Nsukka tana da sashen koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960, Jami'ar Fatakwal kuma tana da gidan wasan da ake kira The Crab, inda Ola Rotimi ya horar da ɗalibai. A ƙasa da wannan duka akwai ƙungiyoyin mawaƙan coci da na rawar gargajiya, inda yaro ɗan shekara bakwai ke koyon tsayawa gaban ɗaruruwan mutane duk mako.

Da waɗannan yara ɗan Bahaushe yake zama aji ɗaya. Ranar al'adu a makaranta, abokansa su fito da rawar da suka yi wata guda suna bita, shi kuwa a sa masa babbar riga da hula ya tsaya a gefe kamar hoto. Ko kuma, abin da ya fi ciwo, a haɗa wasan kwaikwayo a ba wani rawar "aboki" mai gadi, mai gurguwar Turanci da saurin fushi, irin wanda finafinan Kudu suka daɗe suna nunawa, a yi ta dariya shi yana zaune. Mutanen da ba su horar da 'ya'yansu su taka rawar kansu ba, wasu ne za su taka musu ita, kuma ba yadda suke so ba.

Tarihin fasahar Hausa kansa ya nuna cewa zama a gefe ba tawaya ba ce. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a Bukuru aka haife shi, garin haƙar kuza da ya tara baƙi daga ko'ina. Maraya ne tun yana ƙarami, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zama muryar karen mota da lebura da talaka. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne kuma ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba, amma ya ɗauki Hausar bariki, wadda masu ji da kansu ke rainawa, ya gina Samanja Mazan Fama a kanta, Arewa duka ta saurara shekara da shekaru. Hausar yaron Fatakwal mai gauraye da Buroka tana iya haifar da irin wannan, in ta sami fage.

Hujjojin masu ja

Masu ɗari-ɗari da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce addini. Malamai da dama suna ganin haramcin kayan kiɗa, kusan duka kuma suna hani ga cakuɗar maza da mata da batsa a waƙa. Uban da ya tsaya a kan wannan fahimta bai yi laifi ba. Amma abin da ake kira a yi bai rataya a kan goge ko garaya ba. Gaɗa da tafi ake yin ta, tatsuniya da baki, wasan kwaikwayo da jiki. Malaman jihadi da kansu sun ɗauki waƙa makamin koyarwa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙin Fulatanci da Hausa ta ilimantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, ya sa dubban mutane sun haddace wa'azi ta Imfiraji. A littattafan hadisi ingantattu an ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Nana A'isha tana kallo da izinin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ban da haka, hana yaro wasan da malaminsa ke kallo ba ya raba shi da kiɗa. Yana miƙa shi ne ga wayar da babu malami a cikinta.

Hujja ta biyu ita ce daraja. A tsarin zaman Hausawa na da, kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma ba kowane gida ke son a danganta shi da ita ba. Har yau akwai uban da zai ce ɗansa ba zai zama maroƙi ba, ya fi son ya gan shi a rumfa yana koyon ciniki. Amsar ita ce ba mawaƙa ake son ƙerawa ba, kamar yadda ba don kowa ya zama ɗan ƙwallo ake motsa jiki a makaranta ba. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana caccakar zalunci da cutar talaka. Bai zama ɗan wasa ba, amma a can ya wasa harshen da ya riƙe Arewa da shi daga baya. Ko don cinikin ma, ɗan kasuwar da ke zaune cikin wasu yana buƙatar baki fiye da kowa: shi zai yi magana da jami'in haraji, da shugaban kasuwa, da maƙwabcin da ya fusata. Al'ummar da ba ta da matasa masu iya tsayawa su yi bayani cikin nutsuwa a harshe biyu ko uku, ranar rikici ba ta da bakin magana.

Hujja ta uku ita ce tsaro, kuma ita ce mafi nauyi. Ko a Kano, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Ba mai hankalin da zai ce yara su yi shigar burtu su bi titunan Anaca da dare. Haka kuma wasannin tashe da ke zolayar wasu ƙabilu ba su da muhalli a nan. Barkwancin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ya ginu ne a kan tsohuwar yarjejeniyar da kowane ɓangare ya sani. Inda babu ita, wasa yana iya zama zagi. Amma idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ba zai yiwu a titi da dare ba zai yiwu a harabar Islamiyya bayan la'asar, ko a babban tsakar gida bayan tarawihi, manya suna zaune.

Abin yi

Aikin ba ya buƙatar gwamnati ko ginin zamani. Wuri na farko shi ne makarantun Islamiyya, domin su ne kaɗai inda yaran unguwa ke haɗuwa kullum ƙarƙashin wanda iyaye suka yarda da shi. Da yawansu dama suna da waƙoƙin makaranta da 'yar muhawara ranar saukar karatu. Abin da ake buƙata shi ne a mayar da wannan abin kowane mako: awa ɗaya, maza daban mata daban in haka aka fi so, kowane yaro ya sami layinsa, ba ƙwararru biyu ko uku da ake fitarwa ranar biki kaɗai ba. Yaron da ya fi kowa noƙewa shi ya fi kowa buƙatar fagen.

Na biyu, a bar yara su tsara wasanninsu daga rayuwarsu. Akwai abin koyi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo ke shiga Samaru da ƙauyukan kewaye, su saurari matsalolin mutane, su mayar da su wasa da Hausa, su nuna a fili, sannan a zauna a tattauna. Ba fitila, ba labule, ba rubutaccen littafi. Yaran Garki za su iya yin wasa a kan ranar da aka kira ɗayansu da sunan raini a aji da yadda ya kamata ya amsa, ko a kan ƙwaya da ke cin 'yan uwansu a tashar mota, ko a kan uban da ya cire 'yarsa daga makaranta. Idan a cikin wasan mai gidan haya ya yi Ibo, ɗan sanda ya yi Buroka, liman ya yi Hausa, haka rayuwarsu take, kada a hana.

Na uku, iyaye mata. A kowace unguwa akwai dattijuwar da ta yi gaɗa a Daura ko Gusau tana budurwa, kuma waƙoƙin suna nan a kanta ba mai tambaya. A ba ta tabarma da 'yammata goma ranar Asabar. A nan wayar ma za ta yi amfani, domin a naɗi muryarta kafin ƙasa ta rufe ta da taskarta.

Na huɗu, sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Mahauta da 'yan albasa da 'yan canji da dillalan shanu suna tara kuɗi idan gobara ta tashi ko an kama ɗan uwa. Kaɗan daga irin wannan zai isa a shirya gasar shekara-shekara tsakanin makarantun unguwa a makon Sallah, kyautarta littattafai ko kuɗin zangon karatu. A gayyaci shugaban makarantar gwamnati, da mai unguwar 'yan gari, da baturen 'yan sandan yankin. Mutumin da ya zauna ya yi dariya da hawaye a kan wasan 'ya'yan maƙwabcinsa, da wuya ya sake kallonsu a matsayin baƙin da ba su da fuska. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zumuncin da zai yi amfani ranar tashin hankali, a ranar lafiya ake ƙulla shi.

Masu koyarwa ma ba su yi nisa ba. Tun 1973 shirin yi wa ƙasa hidima ke tura matasan Arewa yankunan da a yau suke jihohin Ribas da Anambara da Inugu, cikinsu har da waɗanda suka karanta Hausa ko wasan kwaikwayo a Zariya da Kano da Sakkwato. Shirin ya tanadar musu lokacin aikin raya al'umma, kuma wasunsu a masallatan waɗannan unguwanni suke sallar Juma'a. Sau da yawa abin da ya rage kawai a yi musu magana. Masu shirya finafinan Kano su ma suna da bashi a wuyansu: masu kallonsu na Kudu sun daɗe suna sayen data domin su, lokaci ya yi da za su ga kansu a allo. Ali Nuhu, wanda ya yi aiki a masana'antun biyu kuma aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024, shaida ne cewa gadar tana takuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da yau yake ɗan shekara goma a Titin Owerri, nan da shekara ashirin shi ne zai zauna da hukuma a madadin kasuwa, shi zai yi wa 'ya'yansa bayanin ko su su wane ne. Iyayensa sun yi masa ƙoƙarin ci da sha da karatu a wurin da zama bai da sauƙi. Abin da ya rage ƙarami ne kuma yana hannunsu: tabarma, fili, awa ɗaya a mako, da babban da zai zauna ya saurara har yaro ya kai ƙarshen baitinsa. Allah Ya raya zuri'a, Ya zaunar da ƙasa lafiya.